Zibra ko Guldiyan: wanne ya dace ka fara kiwo cikin ƙananan tsuntsayen Ostireliya?

Ƙananan tsuntsaye masu cin tsabar ciyawa na dangin ba'u a Ostireliya ba su wuce nau'i ashirin ba, amma biyu daga cikinsu ne suka cika kejin masu kiwon tsuntsayen ado a duniya: Zibra (zebra finch a Turance) da Guldiyan (Gouldian finch). Mai son farawa yakan tsaya tsakanin waɗannan biyun, ido na jan sa wajen Guldiyan, aljihu na jan sa wajen Zibra. Ni a ganina ba ido ko aljihu ne ya kamata su yanke hukunci ba. Abin dubawa shi ne irin gidan da kake ciki, da yawan lokacin da kake da shi safe da yamma, da kuma ko kana da inda za ka kai 'ya'yan da za a ƙyanƙyashe. Zibra yana yafe wa mai shi kuskure. Guldiyan ba ya yafewa. Duk sauran bambance-bambancen daga nan suka taso.

Su ba baƙi ba ne ƙwarai a wurinmu. Danginsu ɗaya da ba'u da ke shigowa tsakar gida yana tsintar tsaki, da asisi mai launin bula da ake gani a bakin rijiya. Girman ma kusan ɗaya ne. Zibra bai fi santimita 10 ba, nauyinsa wajen giram 12. Guldiyan ya ɗan fi shi, santimita 13 zuwa 14, giram 14 ko 15.

Kafin komai, ga wani abu da ya shafe su duka. Waɗannan tsuntsayen kallo ne da saurare. Ba sa magana kamar aku, ba sa son a riƙe su, kuma ba sa zama su kaɗai. Wanda aka ware shi ɗaya a keji yakan yi ta kira har ya rame. Mafi ƙarancin abin da za ka saya shi ne biyu. Idan abin da kake so tsuntsu ne da yaro zai ɗora a yatsa, to ka nemi wani nau'in daban, kada ka wahalar da waɗannan.

Inda kowanne ya fito

Zibra ɗan fako ne. Ya bazu a kusan kashi uku cikin huɗu na ƙasar Ostireliya, har cikin tsakiyarta inda akan shekara ba a ga ruwan kirki ba. A irin wannan ƙasa tsuntsu ba ya jiran kalanda. Duk sa'ad da ruwa ya sauka ciyawa ta fitar da kai, sai ya shiga ginin sheƙa, ko a wane wata ne. 'Ya'yansa sukan balaga cikin kwana 70 zuwa 90, abin da ba kasafai ake samu a tsuntsaye ba. Sheƙa kuwa duk inda ya samu yakan yi: cikin ƙaya, cikin rami, ƙarƙashin rufin gini. Wannan halin ne ya biyo shi cikin keji, ya zama alherinsa, ya kuma zama matsalarsa.

Guldiyan kuwa ɗan arewacin ƙasar ne kawai: yankin Kimbali, da saman Yankin Arewa wajen Katarin, da wasu sassa na arewacin Kwinsland. Ƙasa ce ta dogayen ciyayi da itatuwan turare jefi-jefi, mai damina da rani kamar tamu, sai dai tasu daminar daga Disamba take zuwa Maris ko Afrilu. Babban abincinsa a rani tsabar wata dawar daji ce, 'yar uwar dawar da muke nomawa. Ba ya saƙa sheƙa a reshe. Sai ya sami kogon itace. Haihuwarsa tana bin lokaci: ƙarshen damina zuwa cikin rani, bayan ciyawa ta nuna. Daga nan ya sauya gashi, ya huta, sai wata shekarar. Tsuntsu ne mai tsari, kuma mai kiwon da ya rushe masa tsarin shi zai kwashi asara.

John Gould, masanin tsuntsaye ɗan Ingila, shi ya bayyana shi ga masana a 1844, ya sa masa suna don tunawa da matarsa Elizabeth, wadda ta zana masa ɗaruruwan hotunan tsuntsaye kafin ta rasu a 1841. Tun daga ƙarshen wancan ƙarnin Turawa suka kamu da son sa, aka yi ta kama shi ana lodawa a jirgi. A ƙarni na 20 yawansa a daji ya faɗi warwas. Kamu ya taimaka, amma babbar illar ta zo ne daga kiwon shanu da gobarar ƙarshen rani, waɗanda ke cinye ciyayin da yake dogara da su a farkon damina, lokacin da tsabar bara ta tsire kuma ta bana ba ta fito ba, su kuma ƙone tsofaffin itatuwa masu kogo. Dokar kare muhalli ta Ostireliya ta sa shi cikin masu fuskantar ƙarewa. Zibra kuwa har gobe garke-garke yake a bakin kowane wurin shan ruwa.

Wannan tarihin yana da amfani ranar ciniki. Ostireliya ta hana fitar da tsuntsayenta masu rai don kasuwanci tun wajen 1960. Saboda haka duk Zibra ko Guldiyan da ka gani a kasuwa a wajen ƙasar, jikan jikan tsuntsun keji ne, wanda aka haifa a Turai ko Asiya ko Afirka ta Kudu ko a bayan gidan wani. Idan mai sayarwa ya ce maka nasa daga dajin Ostireliya aka kawo su kai tsaye, ko dai ba gaskiya ya faɗa ba, ko kuwa kayan fasa-ƙwauri ne. Kowanne ne, ka wuce.

Kyau da murya

A kyau babu gardama. Namijin Guldiyan yana da koren baya, ƙirji shunayya, ciki rawaya, da zobe mai launin bula da ya kewaye kai. Kan kuwa iri uku ne: a daji kusan bakwai cikin goma baƙi ne, kusan uku ja, mai ruwan goro kuwa sai an tona. Macen tana da launukan duka amma a dushe, musamman ƙirjin, kuma da haka ake bambance su. Masu kiwo sun fitar da masu farin ƙirji, da masu rawayan baya, da masu shuɗin baya. Shawarata ga mai farawa ita ce ya tsaya kan mai koren baya na asali. Shuɗin ya fi tsada, kuma masu kiwo da yawa sun shaida ya fi rauni, domin an yi ta haɗa dangi na kusa kafin a tsayar da launin.

Zibra kyansa na kusa ne, sai ka matso. Namiji yana da tabo ruwan goro a kumatu, zane-zanen baƙi da fari a maƙogwaro, jan gefe mai ɗigo-ɗigon fari, da jan baki. Mace toka-toka ce, bakinta ruwan lemo. Ko yaro zai iya bambance su, kuma wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce ga wanda ke son aure guda na gaskiya. Sai dai farare fat, waɗanda a ido launin baki kaɗai ke nuna jinsinsu.

A murya abin ya juye. Zibra mai surutu ne daga asuba zuwa magariba, da wata 'yar ƙara ta hanci da ba ta tsayawa. Wasu suna jin daɗinta, wasu kuwa ba sa iya barcin rana kusa da ita. Namiji ne kaɗai ke waƙa, kuma koyon ta yake yi daga uba ko wani babban namiji a watanninsa na farko, sannan ya riƙe ta har ya mutu. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma a kan Zibra maganar haka take ƙeƙe-da-ƙeƙe. Wannan ne ya sa masu binciken ƙwaƙwalwa suka riƙe shi don fahimtar yadda jariri ke koyon magana, har ya zama tsuntsu na biyu, bayan kaza, da aka karance jerin ƙwayoyin halittarsa, a 2010. A 2016 kuma masu bincike a Jami'ar Deakin ta Ostireliya suka nuna cewa idan zafi ya wuce digiri 26, iyaye sukan yi wa ƙwai wani kira na musamman a kwanakin ƙarshe na kwanci, kuma 'ya'yan da suka ji kiran sukan tashi da ƙaramin jiki da ya fi jure zafi. Duk wanda ya raina Zibra don arha, bai zauna ya kalle shi ba.

Guldiyan shiru-shiru ne. Waƙarsa siririya ce ƙwarai, sai ɗaki ya yi tsit za ka ji. Ga mai zaman gidan haya da maƙwabta bango da bango, wannan maki ne babba a gare shi.

Sanyi, ƙura da hayaƙi

A Turai babbar wahalar Guldiyan sanyi ne, sai an yi masa ɗaki mai na'urar ɗumama. Mu nan zafin ƙasarmu ya yi kusa da na mahaifarsa, kuma wata tara a shekara ba ya neman komai ta wannan fannin. Matsalar ita ce hunturu. A Disamba da Janairu daren Kano ko Zariya ko Damagaram yakan sauka kusa da digiri 12, na Jos ma ƙasa da haka, ga iska mai busar da hanci, ga ƙura. Guldiyan ya fi sakewa daga digiri 20 zuwa sama, kuma gashinsa ba shi da kauri. Ba ya kwana cikin sheƙa in ba lokacin haihuwa ba. A kan sanda yake kwana, iska ta same shi ta ko'ina. Zibra kuwa ya saba da daren fako mai sanyi, kuma yana son shigewa cikin sheƙa su kwana a manne da juna. Idan ka rufe masa gefen da iska ke bugowa, ya wadatar. Guldiyan a hunturu sai an shigar da shi ɗaki, ko a lulluɓe kejin da dare a bar 'yar kafar shan iska.

Bazara kuma tana iya kashe su duka biyun. A Ostireliya kanta an sha ganin dubban Zibra sun zube matattu a ranakun matsanancin zafi. Keji ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu tarko ne. Suna bukatar hantsi, domin hasken rana kai tsaye ne ke taimaka wa jiki ya sarrafa kalsiyam (sinadarin gina ƙashi da ɓawon ƙwai), wanda ya ratso gilashi kuwa ba ya yin wannan aikin. Amma daga ƙarfe goma na safe sai inuwa, da faranti marar zurfi na ruwan wanka.

Abin da ya fi ba ni tsoro a gidajenmu shi ne hayaƙi. Numfashin tsuntsu ba irin namu ba ne. Bayan huhu yana da jakunkunan iska da suka ratsa jikinsa, kuma guba na shigarsa da sauri. Maganin sauro na kunnawa, da na fesawa, da hayaƙin janareta, da na murhun itace ko gawayi, da turaren wuta a rufaffen ɗaki, da tururin kaskon da abinci ba ya kamawa idan ya yi zafi fiye da kima, kowannensu na iya kashe tsuntsu mai giram 14 a dare ɗaya. Idan babu wani lungu a gidanka da ya tsira daga waɗannan, kada ka sayi Guldiyan, kuma ko Zibra ma ka sake tunani.

Akwai kuma cutar da ta fi bin Guldiyan: wani ƙanƙanin ƙwaro ne da ke zama cikin maƙogwaro da jakunkunan iskan nan. Ana samun ta har a tsuntsayen daji. Alamarta ita ce numfashi da baki buɗe, da wata ƙara ƙyas-ƙyas da ake ji da dare, da wutsiya na sama da ƙasa tare da numfashi, da dushewar murya. Iyaye suna sa wa 'ya'ya ta hanyar ciyarwa. Ana maganinta da ivermectin ko moxidectin, amma awon maganin ga jiki ƙanƙane haka aikin likitan dabbobi ne. Wanda ya ɗebo na awaki ya ɗiga da ka, zai iya kashe tsuntsun kafin ƙwaron ya kashe shi. Zibra ba kasafai take kayar da shi ba. Don haka tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: akwai likitan dabbobi a garinku da zai yarda ya duba tsuntsun da bai kai rabin ƙwai nauyi ba?

Abinci

A nan bambancin kaɗan ne. Dukansu ƙananan tsaba suke ci. Gero da acca suna yi, a haɗa da tsabar kanari idan ana samu. Dawar gona ta yi musu girma da tauri. A kula da hatsin kasuwa da aka zuba wa maganin ƙwari don ajiya, da wanda ya yi fumfuna. Gara a saya daga hannun manomin da aka sani. Da damina a yanko musu kan ciyawa mai ɗanyen iri, irin su harkiya da burburwa da guɗe-guɗe, daga inda ba a yi feshi ba. Babu abin da ke motsa su kamar wannan. A ƙara da ɗan latas ko alayyafo ko kokwamba, da dafaffen ƙwai da aka murmushe, da ɓawon ƙwai da aka tafasa aka daka. Piya guba ce gare su, haka albasa da abinci mai gishiri.

Bambancin a hali yake. Zibra duk abin da ka ajiye zai taɓa. Guldiyan yakan yi mako yana kallon sabon abinci bai kusance shi ba, don haka ka tambayi mai sayarwa abin da ya saba ci, ka fara da shi, ka sauya a hankali. Kuma dukansu ɓare tsaba suke yi su bar ɓawon a cikin kwano. Kwanon zai yi kamar cike yake alhali ƙaiƙayi ne. A hure shi kullum. Tsuntsu mai wannan girman ba ya jure yini guda cur babu abinci.

Haihuwa, inda hanyoyin suka rabu da gaske

Ka ba aure guda na Zibra keji mai tsawon santimita 60 zuwa 75, wanda tazarar wayarsa ba ta wuce santimita ɗaya da ɗan ɗori ba, da ɗan kwando ko akwati, da busasshiyar ciyawa mai laushi. Ba a sa zare ko auduga, domin sukan naɗe ƙafa su yanke yatsa. Cikin 'yan makonni za ka ga ƙwai huɗu zuwa shida. Uwa da uba suna karɓa-karɓar kwanci, kwana 12 zuwa 14 a ƙyanƙyashe, bayan mako uku 'ya'ya su fito da baƙin baki, a mako na biyar ko na shida su ci da kansu. Kana iya leƙa sheƙar, ba za su gudu su bar ta ba.

Wahalar Zibra ita ce tsayar da shi. Tunda a keji kullum akwai abinci da ruwa, a wurinsa kullum damina ce. Mace za ta yi ta zuba ƙwai har kalsiyam ɗin jikinta ya ƙare, wata rana ka same ta a ƙasan keji ta kumbura gashi, ƙwai ya maƙale. Wannan na cikin abubuwan da suka fi kashe matan Zibra, kuma kusan kullum laifin mai kiwo ne. Kada a haɗa mace aure kafin ta kai wata shida zuwa tara, ko da ta balaga tun tana wata uku. Kada a bar ta ta wuce zubi uku a shekara. Bayan haka a cire sheƙa da ciyawa, in ta kama ma a raba su. Da zarar an fara ƙwai a kwashe sauran ciyawar, in ba haka ba namiji zai gina sabuwar sheƙa a kan ƙwan, ta sake zuba wasu, ya sake rufewa, ba ko ɗaya da zai ƙyanƙyashe.

Sannan ka yi lissafi. Aure guda, zubi uku, 'ya'ya huɗu-huɗu, tsuntsu goma sha biyu ke nan a shekara, kuma na farkon sun isa haihuwa kafin na ƙarshen su fito. Idan ba a raba maza da mata ba, wa zai auri ƙanwa, uba ya auri 'ya, zuriya ta lalace. Idan keji ya cika sukan fara figar juna. Aure biyu a keji ɗaya ma faɗa ne. Ko ɗaya, ko uku zuwa sama a fili mai faɗi. Wanda ba ya son wannan ɗawainiyar, ya ajiye maza biyu ko mata biyu, ba tare da sheƙa ba. Suna zama lafiya, kuma babu aibi a ciki.

Guldiyan akasin haka ne ta kowace fuska. Sai ya kusa shekara ake haɗa shi. Sai ya shirya: bakin mace ya yi duhu kamar gawayi, namiji ya fara sunkuyar da kai yana karkaɗa baki, sannan ya miƙe yana tsalle a kan sanda yana waƙa. Mace tana da zaɓi, kuma idan ba ta so namijin ba, sai ku shekara kuna kallon juna. Shi ya sa masu gogewa sukan saki samari da 'yan mata da dama a babban keji su zaɓi juna, sannan a ware. Yana son akwati mai duhu, kamar santimita 12 zuwa 15 kowane gefe, da ƙaramar ƙofa, kuma sau da yawa sai ka fara shimfiɗa masa ciyawar da hannunka domin ba gwanin gini ba ne. Ƙwai huɗu zuwa takwas, kwanci kamar mako biyu. 'Ya'yan suna fitowa tsirara, da wasu ɗigo masu sheƙi kamar duwatsun ado a gefen baki, waɗanda ke nuna wa iyaye inda za su sa abinci a cikin duhun kogo.

Daga nan jarrabawar take farawa. Sabon aure yakan bar ƙwai idan an cika leƙe. Namiji yakan ɗauko ɗan da aka ƙyanƙyashe ya jefar waje. Iyaye sukan daina kwana a kan 'ya'ya tun suna wajen kwana goma, gashi bai rufe su ba. A arewacin Ostireliya wannan ba komai ba ne, amma ka tuna lokacin haihuwarsa ƙarshen damina ne zuwa rani, wanda a kalandarmu ya faɗo daga kaka zuwa tsakiyar hunturu. Daren Janairu ɗaya ya isa ya kashe sheƙa guda. Waɗanda suka tsira su fito bayan mako uku da 'yan kwanaki, korra-korra masu duhu, babu ko ɗaya daga launukan iyayensu. Sai sun yi watanni, wani lokaci har tara, kafin su sauya gashi su yi ado, kuma wannan sauyin shi ne lokacin da suka fi mutuwa. Ƙaura daga keji zuwa keji, ko sauyin abinci, ko tafiya a mota, na iya kayar da su. Don haka kada ka sayi Guldiyan da bai gama yin launi ba, komai arhar da aka yi maka.

Saboda waɗannan wahalhalu ne masu kiwo don kasuwa suke amfani da Bangali, wani ɗan tsuntsun gida da aka hore a Japan daga wani nau'in Asiya, wanda ke kwanci a kan kowane ƙwai ya kuma ciyar da kowane ɗa. Sai a kwashe ƙwan Guldiyan a ba shi, ita kuma uwar ta sake zubawa. Ana samun yawa ta haka, amma ni ban goyi bayan a mayar da shi al'ada ba. Yana tsotse uwar. Yana ɓoye iyayen da ba su iya reno ba, zuriyarsu ta yi ta yaɗuwa. Kuma Bangali yakan ɗauki wasu cututtukan ciki ba tare da ya nuna alama ba, su kashe 'ya'yan Guldiyan. A ajiye shi don ceton ɗan da aka jefar, wannan daidai ne. Idan za ka saya, tambayi mai shi ko iyayensu ne suka rene su, kuma ka nemi ganin iyayen.

To, wanne?

Idan ba ka taɓa kiwon ƙaramin tsuntsu ba, ko yara ne za su riƙa taya ka, ko kana fita tun safe sai dare, ɗauki Zibra. Ba don ransa ya fi arha ba. Haƙƙin ci da sha da inuwa ɗaya ne a kanka, kuma malaman da suka halatta ajiye tsuntsu a keji, bisa hadisin ƙanin Anas da ɗan tsuntsunsa, da wannan sharaɗin suka halatta. Dalili shi ne Zibra zai ba ka damar koyon abubuwan da ba a koya sai da ido: yadda lafiyayyen kashi yake, yadda tsuntsu ke kumbura gashi idan ba ya jin daɗi, yadda ɓera da mage da tururuwa da maciji ke samun hanyar keji. Shekara guda da shi, hunturu ɗaya da bazara ɗaya, za ta nuna maka ko gidanka ya dace. Yakan yi shekara biyar zuwa bakwai idan an kula da shi, Guldiyan ma kusan haka.

Idan ka riga ka riƙe kanari ko wasu ƙananan tsuntsaye sun shekara a hannunka lafiya, kana da ɗaki mai tsabtar iska da za ka iya rufewa a hunturu, kana da haƙurin jiran shekara kafin ka ga ɗa ɗaya, to Guldiyan zai biya ka. Kuɗinsa ninkin na Zibra ne sau da yawa, don haka gara aure biyu nagari daga mai kiwon da ka ga gidansa, da aure biyar daga kejin kasuwa da ba ka san ranar da suka sauka daga jirgi ba. Ka je da yamma, ka tsaya shiru kusa da kejin ka saurari numfashinsu. Ka duba ido a buɗe tangaran, gashi a kwance, ƙarƙashin wutsiya a bushe.

Wanda ke son wani abu tsakanin biyun, akwai mai fuskar mujiya, ɗan ƙarami mai farar fuska da baƙaƙen layi biyu a ƙirji, mai sanyin hali, sai dai namiji da mace kamarsu ɗaya, kuma yana iya haɗuwa da Zibra su haifi gauraye, don haka ba a haɗa su. Akwai mai jar fuska da ɗigon fari kamar taurari, da kuma mai doguwar wutsiya da baƙin gemu, wanda yakan takura wa na ƙasa da shi lokacin haihuwa. Samunsu ya fi wuya, kuma samun jinin da ba dangi ba don zuriya ta gaba ya fi wuya ma.

Abu ɗaya da ba na so ka yi shi ne ka saye su duka ka zuba a keji ɗaya don ka huta da zaɓi. Zibra zai shiga akwatin Guldiyan, ya sace ciyawa, ya zauna kan ƙwai, ya riga shi kwano, shi kuwa Guldiyan ya koma gefe ya fasa haihuwa. Idan daga baya ka ƙaro sabon tsuntsu, ko wane iri ne, ka ware shi a wani ɗaki na kwana 30 da kwanonsa daban, ka riƙa ba tsofaffin abinci kafin ka je wurinsa, sannan ka wanke hannu.